Tsohon Hoton Ƙirjin Hadiyya

Litinin, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Mun dawo daga Kano. Hadiyya ta yi barci a mota tun daga Wudil, kanta a kafaɗata, ni kuma ban rintsa ba.

Ga abin da likitan ya ce, in rubuta shi yadda yake kafin zuciyata ta fara gyara shi. Akwai wani ɗan tabo a huhunta na dama, a sabon hoton da aka ɗauka saboda tarin nan da ya ƙi tafiya. Ya tambaya ko an taɓa yi mata hoton ƙirji a da. Na ce ƙwarai, shekara uku da suka wuce, lokacin da ta faɗo daga babur a hanyar Farin Dutse, kuma a cibiyar da nake aiki aka yi. Sai ya juya harshe zuwa Turanci, ya dube ni ni kaɗai. Ya ce in tabon yana cikin tsohon hoton, kuma girmansa bai canja ba, to tsohon abu ne, mu manta da shi. In kuwa babu shi, sabo ne, dole a soka allura ta ƙirji a ɗebo ɗan nama a bincika. Ya ba mu zuwa ranar 26.

Ni ne mai kula da kwamfutocin cibiyar hoton lafiya ta Alhaji Shehu a nan Birnin Kudu. Ya kamata a ce minti biyar ya ishe ni in ciro hoton matata. To babbar kwamfutar da ke riƙe da hotunan marasa lafiya ta ƙone ranar Alhamis, fayafayan ajiyarta sun tafi gaba ɗaya. Kwafin da aka ba mu a hannu kuwa ruwan damina ya cinye shi tun bara. Saura Rumbu, na'urar ajiyarmu da ke reshen Gwaram, wadda kullum ake tura mata kwafin komai.

Na ce wa Hadiyya likita yana son tsohon hoto ne kawai, don cike fayil. Ta ce to.

Talata, 10 ga Mayu, bayan azahar

Gwaram. Na kai Hadiyya da 'yarmu Sa'adiyya gidan Inna Fatsuma, mahaifiyarta, tunda nan zan yi kwanaki. Na jona wata kwamfuta mai sababbin fayafayai a jikin Rumbu, na ce ta dawo min da komai. Ba a iya zaro hoto ɗaya shi kaɗai, sai an dawo da ma'ajin gaba ɗaya sannan a buɗe. Da farko ta rubuta saura awa shida, har na yi murmushi. Na je na sha kunu na dawo, ta ce awa arba'in. Kafin azahar ta daina faɗar awa, ta koma kwanaki.

Laraba, 11 ga Mayu, da yamma

Kashi tara cikin ɗari. Hadiyya ta yi tari sau biyu muna cin tuwo.

Alhamis, 12 ga Mayu, bayan azahar

Na samu injiniyan kamfanin da ya sayar mana da Rumbu, daga Legas. Mutum ne mai dariya inda babu abin dariya. Ya leƙa na'urar ta waya, ya yi fito, ya ce ban taɓa ganin irin wannan ba, Malam Taufiq. Na ce ni ba kallo na kira ka ba.

Bayaninsa na san shi, amma jin sa daga bakin wani ya fi ciwo. Rumbu ba ta ajiye abu ɗaya sau biyu. Duk abin da aka ba ta sai ta yayyanka shi gutsi-gutsi, in ta taɓa ganin gutsire irinsa sai ta ce ai ina da shi, ta rubuta inda yake kawai ta wuce. Da haka take haɗiye kayan shekaru a ɗan wuri, abin da Alhaji yake alfahari da shi in baƙi sun zo. Amma ranar da ka ce ta dawo maka da kayanka, sai ta bi faifai goma sha biyu tana tsintar gutsattsarin nan ɗaya-ɗaya, wannan a ajiyar bara, wancan a ta shekarar da aka buɗe reshe. Kamar a ce ka haɗo buhun gero ƙwaya-ƙwaya daga gonakin gari duka.

Ya ce duk da haka bai kamata ta yi nauyi haka ba. Ta cika har wuya, kuma yawancin abin da ke cikinta matattun gutsattsari ne na tsofaffin ajiya da wa'adinsu ya wuce. Akwai shara da take yi wa kanta duk mako, ta zubar da matattun, ta tattara masu rai wuri guda. Ya ce kamar ba ta taɓa gama sharar ba. Na ce ba zai yiwu ba, ga shi nan a tsare, duk Juma'a da tsakar rana. Ya ce shi ma ya gani, ai shi ya sa mata lokacin da hannunsa, don an gaya masa a nan arewa ran Juma'a ofis ba kowa. Muka rabu ba wanda ya gane.

Juma'a, 13 ga Mayu, bayan an sauko



Na bar Rumbu a kashi ashirin da ɗaya na tafi masallaci. Masallacin Juma'ar unguwar bango ɗaya ne da reshenmu, ban taɓa yin Juma'a a nan ba sai yau. Ina zaune ana huɗuba, sai na lura da irin shirun da ke wajen, har ana jin kukan kurciya. Na ji daɗin shirun, wallahi na ji daɗinsa. Sai da aka tada salla sannan na tuna kwana uku kenan kunnena bai huta da ƙarar janareta ba.

Allah ya yafe min sallar nan, ban san me liman ya karanta ba.

Na tarar da ɗakin duhu. Batirin da ke tare da Rumbu ya riƙe ta 'yan mintuna, ya kashe ta a hankali yadda aka koya masa, ya mutu. Duk abin da ta tsinto tun Talata ya tashi a banza. Na fita na samu Malam Badaru, mai kula da injin, yana naɗe dardumarsa, na hau shi da faɗa a gaban mutane. Dattijo ne, ya haife ni. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Taufiq, wa ya mutu?"

Na ce wa ya ba ku izinin kashe inji.

Ya ce, "Izini kuma? Tun ranar da aka buɗe wurin nan haka ake yi. Injin ga shi a gindin bangon masallaci, in yana yi ba mai jin huɗuba. Sha biyu in kashe, in an watse in tayar. Firjin ma ba ya narkewa."

Sha biyu. Daidai lokacin da mutumin Legas ya zaɓa wa shara. Shekara da shekaru, duk Juma'a Rumbu ta ɗauki tsintsiya, a ɗauke mata wuta, ta farka ta ga lokacin ya wuce, ta jira wata Juma'ar. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi sakaci, kowa alheri ya nufa. Wannan ne ya fi ƙona min rai, don ban da wanda zan shaƙe.

Na ba Malam Badaru haƙuri. Ya ce ba komai, amma bai kalle ni ba.

Asabar, 14 ga Mayu, da safe

Injiniya ya ce hanya biyu ce. Ko in bari ta yi shara tukuna, kwana huɗu ko biyar, sannan dawo da kayan ya yi sauri. Ko in sake farawa haka nan, ta ja jiki wajen kwana goma. Na tambaye shi fitilar faifai na bakwai da ta koma ruwan ɗorawa, alamar ya fara gazawa, fa? Ya ce shara tana wahalar da faifai matuƙa, tana kwashewa tana sake rubutawa, in na bakwai ya faɗi a tsakiya, wani ya bi shi, to sai dai haƙuri. Kuma a irin wannan na'ura gutsire ɗaya in ya ɓata, duk hoton da ya jingina da shi ya ɓata, ko na mutum nawa ne.

Na ce ba za a yi shara ba. Ba na son a zubar da komai daga cikinta, ko mataccen ne, sai na ga abin da nake nema.

Na sake farawa. Kwana goma yana nufin akwai Juma'a a tsakiya. Wutar gari kuwa tun da taransifomar layin ta ƙone ba a sake ganin ta ba.

Lahadi, 15 ga Mayu, bayan magariba

Inna Fatsuma ta tsare ni a zaure. Ba ta saba yi min magana mai tsawo ba, ni ma ban saba ɗaga kai a gabanta ba. Ta ce yarinyar nan ta rame, me likitocin Kano suka ce? Na ce sanyi ne, Inna, suna dai bincike. Ta ce to Allah ya sa haka. Na ce amin, kuna dai sa mu a addu'a.

Hadiyya ta ce na koma mijin Rumbu, ita kuma bazawara. Na yi dariya don ta ji daɗi. Ta ce wai me ya sa hoto ɗaya yake cin mako? Na gaya mata yadda ake yayyanka shi, har na ce wataƙila baƙin gefen hotonta ɗaya ne da na wani tsoho daga Wurno, na'urar ta ajiye musu guda su raba. Ta ce, "Ashe ina da abokan tarayya ban sani ba. Ka gaishe min da su."

Ta bar rabin abincinta.

Litinin, 16 ga Mayu

Kashi ashirin. Fitilar tana nan ruwan ɗorawa.

Talata, 17 ga Mayu, da yamma

Na je Birnin Kudu wajen Alhaji Shehu in roƙi a bar inji ya yi aiki ran Juma'a, sau ɗaya tak. Marasa lafiya cike da baranda, kowa yana neman tsohon hotonsa, ma'aikata suna ta ba da haƙuri. Na wuce su kaina a ƙasa. Kunya ta kama ni, don tun da abin nan ya faru ban tuna akwai hoton kowa a cikin Rumbu ba sai na mutum ɗaya.

Alhaji ya ce ba a hannunsa take ba. Filin reshen, marigayi mahaifin Liman ne ya ba shi, da sharaɗin ba za a ji inji ba lokacin huɗuba, kuma shi ba zai zama wanda ya fara saɓa wa mamaci ba. Na ce a matsar da injin. Ya ce a kan kankare aka dasa shi, ka je ka ɗauka. Na ce a yi hayar ƙarami a ajiye can nesa. Ya ce ƙarami ne ya ƙona mana kwamfutar Birnin Kudu, ka manta? Ban manta ba. Ya ce je ka ga Liman, Malam Salihu mutum ne mai fahimta.

Na fito ina jan tsaki har bakin titi.

Laraba, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Na samu Malam Salihu a zaurensa, ɗalibai sun tashi. Na durƙusa na gaishe shi, na fara zuba: faifai, gutsattsari, shara, kashi kaza cikin ɗari, amanar marasa lafiya. Na yi ta magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Yana ta jan carbi yana saurare.

Da na gaji, ya ce, "Marasa lafiya kam suna da yawa, kuma sun jira mako biyu, za su iya jiran uku. Kai ne ba ka iya jira. Hoton wa ne?"

Na ce na Hadiyya ne, Malam, 'yar marigayi Malam Nuru.

Ya ajiye carbin. Ashe tare suka yi karatu da mahaifinta, shi ya raɗa mata suna. Na gaya masa komai, yadda likita ya faɗa, ban rage ba. Shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. Na yi kuka a gaban mutumin da ban sani ba, ni da ko a jana'izar Baba ban yi ba.

Ya ce inji ba za a tayar ba, wannan alkawarin ba nasa ba ne da zai warware. Raina ya ɓaci, har na yunƙura zan tashi. Ya ce zauna, ban gama ba. Ya tambaya na'urar tana shan wuta kamar me. Na ce in an kashe na'urar sanyaya ɗaki, ba ta wuce fankokin masallaci ba. Ya ce to ai shi kenan, masallaci yana da sola. A bar lasifika, a kashe fankoki, ka jefo waya ta kan bango.

Na ce Malam, zafin nan fa? Ya ce, "Kakanninmu da fanka suka yi salla?"

Alhamis, 19 ga Mayu, da hantsi

Ni da Malam Badaru muka ja wayar. Shi ya hau tsani, ya hana ni. Mun gwada sau uku, ya kashe inji, sola ta karɓa, Rumbu ba ta ko ƙifta ba. Bai tambaye ni komai ba, amma da zan tafi ya ce a gaida mai jiki. Ban san wa ya gaya masa ba.

Juma'a, 20 ga Mayu, da yamma

Na buɗe ƙofar ɗakin da tagogi, na jiƙa tawul na rataya, na tafi masallaci na tsaya a sahun ƙarshe kusa da bango, inda nake hango wayar.

Kafin huɗuba Liman ya ce yau ba fanka, an ara wa maƙwabci wuta saboda larurar rashin lafiya, a yi haƙuri, a sa mai larurar a addu'a. Bai faɗi suna ba. Wani dattijo kusa da ni ya ce shi dai bai taɓa jin asibiti yana roƙon masallaci wuta ba, yana faɗa yana fifita da hularsa. Riguna duk sun manne a baya. Ina kallon gumi yana ɗiga daga gemun mutane a kan tabarma, mutanen da ba su san ta ba, na rasa inda zan sa kaina. Liman ya gajarta huɗubar.

Na dawo na tarar Rumbu tana nan tana tsinta. Kashi sittin da uku. Na zauna a ƙasa na jingina da ita, da zafinta da komai.

Lahadi, 22 ga Mayu

Faifai na uku ma ya koma ruwan ɗorawa. Ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 23 ga Mayu, bayan azahar

Ya Allah, ba na roƙon komai sai hoton nan ya fito cikakke. Kar gutsire ɗaya ya ɓata. Kullum addu'ar kenan, cikakke, cikakke.

Talata, 24 ga Mayu, da la'asar

Ta gama. Na buɗe ma'ajin, na rubuta sunan Hadiyya, ga shi nan, duk yankunan hoton ba wanda ya ɓace. Na kwafa a wuri uku. Na leƙa, ban iya karanta hoto ba, baƙi da fari ne kawai da haƙarƙari biyu da suka tsage a faɗuwar babur. Na kira Alhaji na ce ku sanar da mutane gobe kowa zai samu nasa. Ya yi ta sa min albarka.

Na sayo mata tsire. Ta ci yanka uku, na yi ta murna kamar wawa.

Alhamis, 26 ga Mayu, bayan magariba

Likitan ya jera hotunan biyu a allo, tsoho a hagu, sabo a dama. Ya daɗe yana bin su sama da ƙasa. Ya ce wanda ya ajiye wannan ya iya ajiya, hoto ne mai kyau ƙwarai. Sannan ya sa yatsa a hagu, daidai wurin, ya ce nan tas yake, babu komai.

Tas. Abin da na yi ta roƙo ke nan, ya fito cikakke, kuma ya fito cikakke. Ban taɓa tsayawa na roƙi a ga tabon a ciki ba, na ɗauka yana nan, nemo shi ne kawai aikina. Mako biyu da rabi na ci ina neman shaidar cewa ba komai, abin kuma yana zaune a ƙirjinta yana abin da yake yi.

Litinin za a soka allurar. Bai faɗi sunan abin ba tukuna, ni ma ba zan rubuta shi ba.

A mota ina ta shirya yadda zan faɗa mata. Mun wuce Wudil ta ce, "Baban Sa'adiyya, ka daina wahalar da kanka. Turancin likita bai fi ƙarfina ba, tun ranar farko na ji abin da ya ce."

Na ce me ya sa ba ki faɗa ba?

Ta ce, "Na ga neman hoton ne yake riƙe da kai. In na karɓe maka shi, me za ka riƙe?"



Juma'a, 27 ga Mayu, kafin sha biyu

An canja faifan nan biyu. Na mayar da lokacin shara zuwa Asabar da safe, abin da bai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Jiya Hadiyya ta ce in buga mata tsohon hoton, na hagu. Na kai mata yau da safe a gidan Inna. Ta ɗaga shi a hasken taga, ta daɗe tana kallo, Sa'adiyya tana jan zaninta tana cewa ita ma a nuna mata. Ta ce, "Ka ga, ashe na'urar taka tana da amana. Ta ajiye ni yadda nake." Ta sa shi a jakar da za mu tafi da ita Kano, tsakanin zannuwanta.

Malam Badaru ya leƙo yanzu, ya ce in kashe? Na ce ku kashe, Baba.